Tambayoyi da amsoshi: ja da hukumomin lafiya a bainar jama'a, gyara ne ko ɓarna?

Tun lokacin korona ake ta jefo min irin waɗannan tambayoyin, wasu cikin raha wasu kuma da zafi kamar ni na haɗa allurar da hannuna, to na gaji da maimaita amsa ɗaya shi ya sa na tattaro su waje guda. Tun yanzu in faɗa, wanda ya zo neman a ce masa hukuma ba ta kuskure zai ji haushina, wanda kuma ya zo neman a ce masa duk maƙaryata ne shi ma zai ji haushina, sai dai ku yi haƙuri.

Wai shin laifi ne mutum ya fito fili ya ce bai gamsu da maganar hukumar lafiya ba?

Ko kusa. Ai da ba a ja da manya da wataƙila har yau likita bai san ya wanke hannu ba. A 1847 akwai wani likita ɗan ƙasar Hungari, Ignaz Semmelweis, yana aiki a babban asibitin Vienna ta ƙasar Ostiriya. Ɗakin haihuwa biyu ne a asibitin, ɗaya likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, ɗayan ungozomomi, kuma matan da zazzaɓin jego ke kashewa a ɓangaren likitocin sun fi yawa nesa ba kusa ba, har ta kai mata na roƙo kar a kwantar da su can. Ana nan sai abokin aikinsa Kolletschka ya rasu bayan wuƙar fiɗar gawa ta yanke shi, da aka duba jikinsa sai aka ga abun irin na matan nan ne sak. Nan fa hankalinsa ya kai, ashe ɗaliban daga ɗakin gawa suke fitowa su zarce kan mai naƙuda da hannun nan nasu. Ya sa aka ajiye ruwan kulorin ya ce ba mai taɓa mace sai ya wanke hannu a ciki. Mace-macen da suka kai kusan 18 cikin 100 a watan Afrilu suka faɗo zuwa wajen 2 cikin 100 cikin 'yan watanni.

Ka ɗauka za a ɗaga shi sama ko? Ina! Manyan likitoci da yawa suka ji kamar zagi ne a ce hannunsu ke kisa, suka yi watsi da shi, mutumin nan a gidan masu taɓin hankali ya ƙare a 1865. To kaga wanda ya san wannan labarin ba zai ce a rufe wa mai tambaya baki ba.

To kenan duk mai ja da hukuma irin Semmelweis ne?

A'a fa, kuma nan ne mutane ke zamewa. Don an taɓa yi wa mai gaskiya dariya ba shi ke nuna duk wanda aka yi wa dariya mai gaskiya ne ba, masu shirme ma ana musu dariya, kuma sun fi yawa. Dubi Andrew Wakefield na Ingila. A 1998 ya fitar da rubutu a mujallar The Lancet a kan yara 12 kacal, ya ɗarsa wa iyaye cewa allurar MMR, wadda ke kare ƙyanda da hangum da rubela, tana da alaƙa da lalurar galahanga. Ya yi ta nuna kansa a matsayin jarumin da manya ke son dannewa. Daga baya wani ɗan jarida, Brian Deer, ya tono cewa lauyoyin da ke shirin kai masu allurar kotu sun biya shi sama da fam 400,000, kuma bayanan yaran ba su yi daidai da abin da ke fayil ɗinsu na asibiti ba. A 2010 mujallar ta janye rubutun aka kuma soke lasisinsa na aiki. Kafin nan yawan yaran da ake wa allurar a Ingila ya sauko zuwa wajen 80 cikin 100, ƙyanda ta dawo. Kuma ba wai an ƙi bincika zancen nasa ba ne, an bincika har an gaji, a Denmak kaɗai an bi yara sama da 650,000, sakamakon ya fito a 2019, ba a ga wata alaƙa ba.

To ni da ba ni da ɗakin gwaji, ta yaya zan gane na gaske da ɗan neman suna?

Ni dai abu ɗaya na fi dubawa: shin mutumin nan ya yarda a gwada maganarsa, kuma in gwajin ya kā da shi zai sauka? Barry Marshall da Robin Warren a Ostireliya sun ce ƙwayar bakteriya ce ke kawo yawancin olsa, alhali a lokacin kowa ya tafi a kan damuwa ce da yawan sinadarin asid a ciki, kuma ana ganin ba wata ƙwaya da za ta rayu a tumbi. Ba su tsaya kukan ana danne su ba. A 1984 Marshall ya sa aka leƙa cikinsa da na'ura aka tabbatar lafiyarsa ƙalau, sannan ya ɗauki ruwan da aka raini ƙwayar a ciki ya shanye, cikin 'yan kwanaki ya kama amai, aka sake leƙawa aka ga tumbin ya kumbura ga ƙwayar nan jingim. Wasu masu bincike a wasu ƙasashe suka maimaita aikin nasu suka ga haka ne, a 1994 cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta amince a riƙa maganin olsa da maganin kashe ƙwayoyi, a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Kar wani ya je ya sha wani abu fa ya ce ni na ce.

Ɗan neman suna kuwa za ka ga duk binciken da ya saɓa masa sai ya ce an saye su, in an rusa hujja ɗaya ya tsallaka wata ba tare da ya ce na yi kuskure ba, sannan ka bi bidiyon nasa har ƙarshe, sau da yawa akwai kwalbar da yake sayarwa ko lambar asusu.

An taɓa samun gwamnati ce da kanta a kan ɓata?

Sosai ma, kuma mafi munin da na sani shi ne na Afirka ta Kudu zamanin Thabo Mbeki. Shugaban ƙasa guda ya shiga shakkar ko ƙwayar HIV ce ke kawo ƙanjamau, a 2000 ya kafa kwamiti ya cusa masu musun cutar a ciki irin su Peter Duesberg, ministar lafiyarsa Manto Tshabalala-Msimang tana tallar tafarnuwa da lemun tsami tana cewa magungunan rage kaifin cutar guba ne. A nan masu ja da hukuma su ne likitoci da talakawa masu ɗauke da cutar. Ƙungiyar TAC, mai fafutukar a ba masu cutar magani, ta ja gwamnati har kotun tsarin mulki, a 2002 kotu ta tilasta a ba mata masu ciki maganin nevirapine don kar su shafa wa jarirai. Jagoransu Zackie Achmat, shi kansa yana ɗauke da cutar, ya ƙi shan maganin shekara da shekaru ya ce sai an ba kowa. Masu bincike na jami'ar Harvard sun ƙiyasta a 2008 cewa jinkirin nan ya ci rai sama da 330,000.

Abin lura a nan, Mbeki ma fa ganin kansa yake a matsayin mai ja da turawa da kamfanoninsu. Shi ya sa kalmar "hukuma" ko "ɗan adawa" ba ta gaya maka komai, sai ka duba wa ke riƙe da hujja. A lokacin korona ma an ga irin haka, Tanzaniya ƙarƙashin Magufuli ta daina fitar da alƙaluma gaba ɗaya a 2020, shugaban Madagaska kuma ya fito yana kurɓar wani jiƙo a gaban kyamara wai maganin korona ne tun ba a gwada shi yadda ya kamata ba.

Me ya sa yau su ce kaza gobe su ce kaza? Ba alamar ƙarya ba ce?

Canja magana in sabuwar hujja ta zo ba aibu ba ne, wanda ba ya canjawa shi ne abin tsoro. An daɗe ana ce wa iyaye a ƙasashen turawa su kwantar da jariri rub da ciki, da bincike ya nuna hakan na ƙara mutuwar fuju'a a cikin barci sai aka juya shawarar a farkon shekarun 1990, mace-macen suka ragu ƙwarai.

Inda nake ganin laifinsu shi ne yanda suke magana da cikakken tabbaci a kan abin da ba a gama sani ba. A ƙarshen Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa ɓaro-ɓaro cewa korona ba ta yawo a iska, sai da masana 239 suka rubuta mata buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Yuli, ƙarƙashin jagorancin Lidia Morawska da Donald Milton, sannan a hankali a hankali ta sauko. Takunkumi ma haka, farko aka ce mai lafiya ba ya buƙata, Amurka ta juya a Afrilu, hukumar ta duniya a Yuni. Da tun farko sun ce jama'a ga iya abin da muka sani yau, yana iya canjawa, kuma takunkumin ya yi ƙaranci muna so ma'aikatan asibiti su samu, wallahi da mutane sun fahimta. Amma ka ce min tabbas ne yau, gobe ka ce min kishiyarsa ma tabbas ne kuma ba ka ce ka yi kuskure jiya ba, to jibi in ka zo da gaskiya ma sai na yi jim.

Me ya sa wasu al'ummomin ba sa yarda ko an kawo musu hujja?

Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 har 1972, hukumar lafiyar gwamnati ta bi baƙaƙen fata 600, kusan 400 cikinsu masu tunjere, tana kallon yadda cutar ke cin su ba tare da ta yi musu magani ba, har bayan an samu fenisilin. Wani ma'aikaci, Peter Buxtun, shi ya fallasa wa 'yan jarida, sai 1997 shugaban ƙasar Bill Clinton ya nemi gafara. A 2011 kuma hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta fake da rigakafin ciwon hanta na bogi a Abbottabad ta Pakistan tana neman Usama bin Laden, bayan nan aka yi ta kashe masu allurar shan inna a ƙasar, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Na Najeriya ma yana cikin waɗanda duniya ke kafa misali da su. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, yara wajen 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. To da jita-jitar allurar shan inna ta taso a 2003 ƙasa ta riga ta jiƙe. An dakatar da allurar a wasu jihohin arewa, cutar ta yaɗu zuwa ƙasashe kusan 20. Zargin da aka yi wa allurar bai tabbata ba, yara ne suka shanye a banza, amma dubi abin da ya warware rikicin: zama aka yi da malamai da sarakuna, aka kai samfur gwaji, aka kawo allura daga Indonesiya, a Yulin 2004 aka ci gaba. Da zagi da kiran mutane jahilai aka tsaya yi, anya da an kai ga 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna ta daji?

Ai kamfanonin magani kuɗi kawai suke nema, ko ba haka ba?

Kuɗi suke nema mana, kuma sun sha yin abin kunya. Merck ya janye maganin ciwon gaɓɓai Vioxx a 2004 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya, ya biya diyyar dala biliyan 4.85. Purdue mai OxyContin, maganin kashe zafi mai kama jiki, sau biyu yana amsa laifi a kotu, 2007 da 2020. Wanda ya ce a sa musu ido yana da gaskiya.

Sai dai idan ɓera da sata daddawa ma da wari, shakku ma sana'a ce da ake ci da ita. Tun 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka nuna alaƙar sigari da kansar huhu, kamfanonin taba suka kwashe shekaru suna biyan masana su riƙa cewa ai har yanzu ana muhawara, har akwai takardar cikin gida ta wani kamfanin a 1969 da ta ce shakku shi ne hajarsu. Kaga nan an yi amfani da sunan muhawara ne don kar a taɓa kai ƙarshenta. Kuma a cikin hukumar ma akwai masu tsayawa, Frances Kelsey sabuwar ma'aikaciya ce a hukumar magunguna ta Amurka a 1960 da ta ƙi sa hannu a kan thalidomide, maganin da mata masu ciki ke sha a wasu ƙasashe, duk matsin kamfanin, ta ce bayanan ba su isa ba, a sauran ƙasashe maganin ya sa an haifi yara sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa.

Ya kamata a riƙa goge irin waɗannan rubuce-rubucen daga intanet?

Ra'ayina, yawanci a'a. Li Wenliang likitan ido ne a Wuhan ta ƙasar Sin, ranar 30 ga Disamba 2019 ya gargaɗi abokan karatunsa a kan wata sabuwar cutar numfashi, wadda daga baya aka sani da korona, 'yan sanda suka kira shi suka sa ya sa hannu cewa jita-jita ya yaɗa, ranar 7 ga Fabrairu 2020 cutar ta kashe shi. Facebook kuma a Fabrairun 2021 ya hana a ce ɗan adam ne ya ƙirƙiri ƙwayar, a watan Mayu ya janye hanin da gwamnatin Amurka da kanta ta ce a binciki asalin cutar. Har yau maganar asalin ba a rufe ta ba, masana ƙwayoyin cuta da yawa sun fi karkata ga kasuwar dabbobi ta Huanan, wasu hukumomin leƙen asirin Amurka sun karkata ga ɗakin gwaji. To wa ya ci riba da wancan hanin? Masu cewa ana ɓoye wani abu, su aka ba makami kyauta. Abin da aka goge ba ya mutuwa, komawa yake saƙon sirri inda ba mai ƙalubalantarsa, kuma ya ƙara farin jini tunda an ce "wannan ne ba sa so ku gani".

Amma ina da iyaka. Akwai bambanci tsakanin wanda ke cewa bai gamsu da dokar kulle ba da wanda ke ce wa mutane su sha wani abu da zai kashe su yau. A Iran a farkon 2020 ɗaruruwan mutane sun mutu da gubar methanol bayan jita-jitar cewa barasa na kashe korona. Irin wannan, da mai ba da sunan ma'aikaciyar allura yana cewa a far mata, a cire kawai ba sai an yi shawara ba.

Wace ce takardar Great Barrington da ake ta ambato?

Oktoba 2020 ne farfesoshi uku, Martin Kulldorff na Harvard, Sunetra Gupta ta Oxford da Jay Bhattacharya na Stanford, suka ce a daina kulle kowa, a killace tsofaffi da masu rauni, matasa su ci gaba da rayuwa har garkuwar jama'a ta samu, wato mafi yawa su kamu da koronar su warke har ta rasa wanda za ta kama. Wasu masanan suka mayar da martani da tasu takardar a The Lancet mai sunan John Snow, shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce barin cuta ta yaɗu haka bai dace da ɗa'a ba, daga baya kuma aka ga saƙon imel na shugaban cibiyar binciken lafiya ta Amurka Francis Collins yana neman a yi gaggawar rusa takardar a rubuce, yana kiran su 'yan gefe.

Ni a ganina su ukun sun raina wahalar killace tsoho, tsohon da ke gida ɗaya da jikoki ta yaya za ka raba su, Suwidin ma da ta ƙi kulle mai tsauri kwamitin binciken ƙasar ya ce ta gaza kare tsofaffinta a gidajen kula da su, ga shi kuma wata biyu bayan takardar aka fara allura. Amma batun illar rufe makarantu na dogon lokaci suna da magana, kuma ya kamata a ce an zauna an tattauna shi a lokacin ba a mai da su abokan gaba ba. Abin da ya sa wannan rigimar ta bambanta da ta Wakefield shi ne rabinta ba tambayar kimiyya ba ce. Kimiyya za ta iya ƙiyasta mutum nawa za su kamu, amma ko karatun yara na shekara guda ya kai a sadaukar, ko mai neman na yau da gobe zai iya zaman gida wata uku, wannan kowa na da bakin magana a ciki, farfesa bai fi direba sanin yunwar gidansa ba. Bhattacharya ɗin nan dai shi aka naɗa shugaban waccan cibiyar a 2025, kujerar Collins, yanzu shi ne hukumar da ake ja da ita.

In suna da gaskiya me ya sa masana ke gudun muhawara ido da ido?

An yi wannan a 2023, Joe Rogan, mai wani shirin hira a intanet, ya ce zai ba da sadakar dala 100,000 in masanin allura Peter Hotez ya zo shirinsa ya kara da Robert Kennedy ƙarami mai sukar alluran rigakafi, Hotez ya ƙi, aka yi ta masa ihun matsoraci. Na fahimci dalilinsa, a muhawarar baki mai zalaƙa ne ke ci, mutum zai jefo maka zarge-zarge goma cikin minti biyu kowanne kuma sai ka yi rabin awa kafin ka warware shi, 'yan kallo su tashi da cewa an ƙure ka. Amma ƙin fitowa gaba ɗaya ma asara ce, filin sai ya zama na mutum ɗaya. Abin da na fi so shi ne a ɗauki magana ɗaya tak, a rubuce, kowa ya kawo bincikensa a ba shi lokaci ya duba na ɗan uwansa.

Maganar kulorakwin da ivermectin da aka ce suna maganin korona fa, ba danne su aka yi don suna da araha ba?

An gwada su ai. Didier Raoult, wani likita a Marseille ta Faransa, ya tayar da ƙurar hydroxychloroquine, ɗan uwan kulorakwin, da bincike kan mutum 36, ya cire wasu da jikinsu ya tsananta daga lissafi, an janye rubutun a 2024. Gwajin RECOVERY na Oxford ya ba sama da mutum 1,500 maganin bai ga amfani ba, ivermectin ma manyan gwaje-gwaje ba su ga komai ba. Kuma gwajin RECOVERY ɗin nan shi ya gano dexamethasone, tsohon magani mai arahar gaske, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku, nan take duniya ta karɓa. Da araha ce matsalar da shi za a fara dannewa.

Na san wanda aka yi wa allura ya kwanta ciwo, wannan ba hujja ba ce?

Allah ya ba shi lafiya, kuma ba zan ce ƙarya kake ba. Amma in aka yi wa mutum miliyan goma allura a wata guda, dole cikinsu wasu su samu shanyewar ɓarin jiki ko ɓari a satin, domin ko ba allura hakan na faruwa kullum. Tambayar ita ce ko abun ya fi yawa a cikin waɗanda aka yi wa fiye da waɗanda ba a yi wa ba. Da haka aka kama matsalar daskarewar jini ta allurar AstraZeneca, likitoci a Jamus da Norway suka lura da wani irin ciwo da ba a saba gani ba, ranar 7 ga Afrilu 2021 hukumar magunguna ta Turai ta amince akwai alaƙa duk da abun ba kasafai ba ne, ƙasashe da dama suka daina ba matasa ita. Don haka ka kai rahoto, ka matsa a rubuta, da irin rahoton ake ganowa.

Samoa kuma ta nuna ɗaya gefen. A 2018 jarirai biyu suka mutu bayan allurar ƙyanda, ashe ma'aikatan jinya ne suka haɗa ta da wani maganin da ba shi ba maimakon ruwa. Tsoro ya shiga, aka dakatar da allurar watanni, a 2019 ƙyanda ta kashe mutum 83 yawancinsu ƙananan yara, a ƙasa mai mutum wajen 200,000 kacal.

Ni ba likita ba ne, ina da hurumin magana?

Kana da shi. A garin Flint na Amurka, bayan an canja musu ruwan famfo a 2014, iyaye mata irin su LeeAnne Walters ne suka yi ta ɗaga kwalaben ruwa ja a taro jami'ai na cewa lafiya lau. Ba su tsaya a ihu ba, suka nemo masanin ruwa Marc Edwards suka tattara samfur gida-gida, likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito da alƙaluman dalma a jinin yara a Satumbar 2015, jami'an jiha suka ƙaryata ta, ba a jima ba suka dawo suka amsa.

Ɗan uwana kullum sai ya turo min saƙon murya na tsoratarwa, ya zan yi da shi?

Kar ka fara da "ƙarya ne", ka rufe ƙofa kenan. Kawuna ya taɓa turo min wani na minti tara, wai wani babban likita ne ke tona asiri. Da na je gaishe shi na ce, Kawu Allah ya ƙara lafiya, wannan likitan ya sunansa, a wane asibiti yake? Ya ce kai ɗan nan kullum sai ka kawo ƙabli da ba'adi. Na ce a'a Kawu so nake in nemo shi mu ji ƙarin bayani. Muka sake kunnawa tare, wayar a kan gwiwarsa ya karkato kunne, har ƙarshe ba suna ba gari ba shekara. Ya yi shiru, can ya ce to amma ai su ma na asibitin in ka yi tambaya sai su hau ka da faɗa. Ashe nan gizo ke saƙar, wata ma'aikaciya ce ta taɓa daka masa tsawa a gaban mutane don ya tambayi sunan allurar da za a yi masa. Ban ce ta kyauta ba don ba ta kyauta ba. Ranar bai ce ya sauka ba, ni ma ban nema ba, amma yanzu in ya turo saƙo yakan haɗa da "duba min wannan".

To in ban gamsu da abin da likitana ya ce ba, in daina shan maganin?

Kar ka daina da kanka, musamman na hawan jini, farfaɗiya, ƙanjamau da tarin fuka. Na tarin fuka yawanci wata shida ne, in ka yanke a tsakiya don ka ji sauƙi ƙwayar na iya dawowa ta ƙi jin maganin, na farfaɗiya kuma yankewa farat ɗaya na iya tayar da ciwon fiye da da. Koma ka tambaye shi menene amfanin maganin a irin halinka, wace illa aka fi gani, me zai faru in ba ka sha ba, akwai wani madadinsa. Rubuta tambayoyin a takarda tun daga gida don in an shiga ɗakin likita kan manta. In bai saurare ka ba nemi wani likitan, ka tafi da kwalayen magungunan da takardun gwajinka duka, har da duk wani jiƙo ko ƙwaya da kake sha a gefe.